Kama Hayar Ciki da Falo a Tsakiyar Jos Kusa da Jami'a: Daga Neman Unguwa Zuwa Karɓar Makulli

Duk lokacin da Jami'ar Jos ta ɗauki sababbin ɗalibai, wayoyin dillalan gidaje daga Titin Bauchi har Farin Gada ba sa hutawa. Ɗakunan kwanan jami'ar, irin su Village da Abuja da Naraguta, ba sa isar kowa. Ga kuma masu digiri na biyu, da 'yan hidimar ƙasa, da ƙananan ma'aikata, da sababbin ma'aurata, kowa na neman ciki da falo a wurin da ba zai ƙarar da kuɗinsa a mota ba. A cikin wannan rububi ne mutum kan biya kuɗin shekara guda saboda fenti ya burge shi, sai bayan ya tare ya tarar da rijiyar gidan ta ƙafe tun watan Fabrairu. Ɗakin kansa shi ne mafi ƙanƙantar abin da kake biya wa kuɗi. Unguwar, da hanyar da za ka bi kullum, da ruwa, da mita, da halin mai gidan, su ne hayar ta gaskiya, kuma da su ya kamata a fara.

Fara da inda za ka riƙa zuwa kullum

Jami'ar Jos ba a wuri ɗaya take ba. Ta faro ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma har yau sassanta a warwatse suke: akwai harabar Titin Bauchi, akwai ta Naraguta wadda ita ce mazaunin dindindin, ga kuma asibitin koyarwa na JUTH can Lamingo. Saboda haka kalmar "kusa da makaranta" a bakin dillali ba ta da ma'ana sai ka tambaye shi wace makarantar. Kafin ka kira kowa, ka san a ina sashenka yake yin yawancin darussansa. Wanda karatunsa ke Titin Bauchi, Unguwar Rogo da Unguwar Rimi tafiyar ƙafa ce gare shi. Wanda ke Naraguta, wajajen Farin Gada sun fi masa sauƙi. Ɗalibin likitanci da ya kai matakin asibiti kuwa, in ya kama gida a Katako don araha, abin da ya rage a haya zai biya shi a Keke Napep kafin zango ya ƙare.

Tsakiyar gari, wato kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello da titin Murtala Mohammed da layin Masallacin Juma'a, tana da nata daɗin. Mota ba ta yankewa, bankuna na nan, abinci na nan har dare, kuma ko'ina za ka a Jos daga nan ake samun abin hawa. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ciniki ya fantsama kan tituna, don haka hayaniya da cunkoso sun zama abokan zama. Gidajen wannan yanki da yawa tsofaffi ne, wasu an mayar da ƙasansu shaguna, sama kuma haya. In kana son shiru don karatu, ka nemi wanda ya shige cikin layi, ba wanda tagarsa ke kallon titi ba.

Akwai maganar da baƙo ke jin nauyin tambaya, 'yan gari kuma su ɗauka kowa ya sani. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sake wa Jos tsarin zama. Unguwanni irin su Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Ali Kazaure da 'Yan Shanu yawancin mazaunansu Musulmi ne. Unguwar Rukuba, Tudun Wada, Jenta Adamu da Kabong yawanci Kirista ne. Wasu wuraren kuma a gauraye ake zaune. Ranakun lafiya, waɗanda su ne mafi yawa, mutane na shiga ko'ina suna cinikinsu. Amma mai kama hayar shekara yana lissafi ne har da ranar da aka sa dokar hana fita. Ka tambayi kanka abu biyu: in hankali ya tashi, zan iya rufe ƙofa in kwana cikin natsuwa a nan? Kuma hanyata daga makaranta zuwa gida ta ina take bi? Ka nemi ɗalibin da ya shekara biyu ko uku a garin, wanda ka yarda da shi, ya zauna ya zana maka hanyoyin. Ba tsoro ake sa maka ba. A watan Agustan 2021 sai da jihohi suka turo motoci suka kwashe ɗalibansu daga jami'ar, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda ba su san unguwar da suke ciki ba.

Ka kuma lissafa abin hawa. A hukumance an hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, Keke da tasi ne abin dogaro, kuma a wasu lokutan gwamnati kan taƙaita zirga-zirgar Keke da dare. Gidan da sai ka hau Keke biyu kafin ka kai aji, ka ninka kuɗin motar da ranakun karatu na shekara ka ɗora a kan hayar, sannan ka kwatanta shi da wanda ake cewa ya yi tsada.

Kuɗin da za ka tanada ya fi kuɗin haya

A Jos, kamar yawancin biranen Najeriya, shekara guda ake biya gaba ɗaya. Wasu masu gidan kan nemi shekara biyu daga sabon ɗan haya. Ɗalibi ya ƙi wannan, ko don yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma haya ba ta tsaya ba don an rufe aji.

Bayan hayar akwai la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari ce. Akwai kuɗin yarjejeniya, wanda ake cewa na lauya ne, shi ma sau da yawa yakan kai kashi 10. Akwai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ya kamata a mayar maka ranar da za ka tashi in ba ka lalata komai ba. A ɗauki misali kawai, ba farashin kasuwa ba: in an ce maka ciki da falo naira 400,000, la'ada 40,000, yarjejeniya 40,000, ajiya 30,000, to abin da zai fita daga asusunka ranar farko 510,000 ne. Ba a zo kan katifa, labule, tukunyar gas, kwan fitila da sauya makulli ba. Shi ya sa in dillali ya faɗi farashi, tambayarka ta farko ita ce, "Duka da komai nawa ke nan?" Ka sa ya rarrabe maka su ɗaya bayan ɗaya a saƙon waya, don ya zama rubutacce.

Ka tabbatar kuma kuna magana a kan abu ɗaya. Ciki da falo iri biyu ne: akwai wanda banɗaki da kicin ke ciki, ƙofarka ɗaya ka rufe, akwai kuma wanda ɗakuna biyu ne kawai a gidan haɗaka, banɗaki a tsakar gida ana layi da safe. Tazarar kuɗinsu babba ce. Dillali zai kira duka biyun da suna ɗaya in ka bar shi.

Dillali

Hanya mafi arha ita ce ta bakin mutane: ɗalibin da ke kammalawa, mai shagon layi, limami ko fasto, ɗan garinku da ya daɗe a Jos. Irin wannan takan kai ka ga mai gida kai tsaye ba la'ada. Amma yawancin baƙi sai sun bi ta hannun dillali, kuma ba laifi, in an san yadda za a zauna da shi. Ka fi son wanda ke da ofis ko aƙalla rumfar da aka san shi da ita, wanda wani da ka sani ya taɓa kama gida ta hannunsa. Zai nemi kuɗin zagayawa kafin ya nuna maka gidaje. Ka biya sau ɗaya, kaɗan, kuma ku yi magana tun farko gida nawa zai nuna maka da shi, domin akwai waɗanda sana'arsu ke nan: su karɓi na zagayawa, su kai ka gidan da suka san an riga an kama.

Hotunan Facebook da WhatsApp kuwa, ka ɗauke su a matsayin talla. Duk wanda ya ce ka tura wani abu "a riƙe maka" kafin ka gani da idonka, wai mutane uku na kan layi, ka bar musu. Gani ya kori ji.

Ranar duba gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Ka je da wani, zai fi kyau wanda ya taɓa zaman haya a garin. Ka ɗauki cajar waya. Kada ka fara da ɗakin; ka fara da tambayar ruwa.

Jos a kan dutse take, kuma wannan yana shafar kowace rijiya. Rijiyar da ke cike maƙil a watan Agusta tana iya zama laka a watan Maris da Afrilu. In da rani ka je, ka leƙa da kanka, ka jefa guga. In da damina ka je, cikarta ba ta gaya maka komai ba, sai ka tambayi wanda ke zaune a gidan. Ruwan famfo na gwamnati, wanda ake turowa daga madatsun ruwa irin na Lamingo da na Yakubu Gowon, wasu layukan yana zuwa musu a wasu ranaku, wasu kuwa bututun ya zama ado. Ka buɗe famfon banɗaki da na kicin. In babu ruwa, dillali zai ce yau ne kawai aka ɗauke. Dubi kan famfon: in ya yi tsatsa ya bushe, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ba yau ba ne. In gidan na da burtsatse da tanki, ka tambayi wa ke kunna injin, sau nawa a mako, da wace wuta, kuma wa ke biya in ya lalace. Sannan ka duba tsakar gida. Jarkoki ashirin a jere a ƙofar kowane ɗaki shaida ce cewa da mai ruwa ake rayuwa a nan, sai ka tambayi nawa ake sayen kura ɗaya da rani ka sa a lissafinka. Ka lura kuma da nisan rijiya da ramin masai. A tsofaffin gidajen cikin gari da fili ya yi ƙaranci, wani lokaci taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma irin wannan ruwan ko na wanke baki ka yi hattara da shi.

Sai wuta. Kamfanin JED ne ke raba wuta a Filato, tare da Bauchi da Gombe da Binuwai. An kasa layukan wuta rukuni-rukuni, daga A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa B mai 16, C mai 12, har E mai awa 4. Tun Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya yi tsalle sosai, don haka gidan da ake yi maka alfahari da cewa wuta ba ta ɗaukewa, ka sani katinsa ma ba ya daɗewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin mitar. Mafi kyau ita ce mitar kati ta ɗakinka kai kaɗai. Ka ɗauki lambarta, ka nemi a nuna maka rasit ɗin katin da aka saya na ƙarshe. In akwai tsohon bashi a kanta, za ka ga ana cire wani abu duk lokacin da aka sayi kati, kuma kai ne za ka ci gaba da biyan bashin wanda ba ka taɓa gani ba. Wannan sai an warware shi da mai gida kafin ka biya, a rubuce. In mita ɗaya ce ga gidan duka, ka tambayi yadda ake raba kuɗin, domin a Jos rigimar gidan haya da yawa daga nan take tashi: lokacin sanyi wani ya kunna abin dafa ruwa da hita, wanda ba shi da komai sai kwan fitila da caji a ce su biya daidai. In babu mita sam, takardar kiyasi ake kawowa, ka nemi ganin ta watan jiya ka duba abin da ya taru a ƙasanta. In kuwa ka ga wayar da aka zagaye mita da ita, kada murna ta kama ka. Ranar da ma'aikata suka zo, wanda suka tarar a ɗakin shi za a fara tuhuma.

Yanzu shiga ɗakin. Ka sa cajarka a kowane soket. Ka ɗaga kai ka dubi silin: zagayen tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ne, kuma damina a Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ruwan Yuli da Agusta kan wuni yana zuba, wani lokaci har da ƙanƙara. Ka dafa tafin hannunka a gindin bango, musamman bayan ƙofa da kusurwar da ba ta samun rana. In ya yi sanyi da laima, ko fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, danshi na hawa daga ƙasa, kuma zai ci maka littattafai da takalma da gefen katifa. Sabon fenti a rabin bango na ƙasa kawai, sama kuma tsoho, abin tambaya ne. Ka rufe ƙofa da taga na minti biyu ka shaƙi iskar ɗakin. Warin rima ba ya ɓuya.

Batun ruwan sama bai tsaya a rufi ba. Ka fita ka dubi inda gidan yake zaune. Shin daɓen ɗakin ya fi titi tudu, ko titi ne ya fi shi? Kwatar layin a buɗe take ko shara ta toshe ta? Gidajen da ke gangaren kogin Dilimi sukan yi araha, kuma da dalili. Ambaliyar watan Yulin 2012 ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare. In ka ga layin laka a jikin katangar waje, daidai gwiwa ko ƙugu, ruwa ne ya bar sa hannunsa. Araha ba ta ado.

Sanyi kuma sai wanda ya kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ya san shi. Garin yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma akwai dararen da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba neman ɗaki mai iska. A nan ka nemi taga mai rufuwa ruf, gilashi ba fasasshe ba, ƙofa marar rata a ƙasa, da silin cikakke. Ɗakin da tagarsa ke samun hantsi ya fi wanda ke bayan dogon gini daraja, ko da kuɗinsu ɗaya. Kuma tun da maganar ta zo: kada ka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, komai sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Haka janareta a baranda ko kusa da taga.

Banɗaki ka zuba bokitin ruwa a masai ka ga yadda yake wucewa, ka zuba wani a ƙasa ka ga ko yana bin hanyarsa ko yana kwanciya. Ƙarfen taga ka girgiza shi. Ƙofar shiga ka duba ko an taɓa ɓalle wajen makullin an yi mata faci. Ka duba sandunan sabis a wayarka a cikin uwar ɗaka, ba a ƙofar gida ba, domin karatun yanzu rabinsa a intanet yake.

In gidan ya kwanta maka, kada ka ce komai tukuna. Ka dawo kai kaɗai, ba tare da dillali ba, bayan magariba. Lokacin ne za ka san ko akwai gidan kallon ƙwallo a bayan tagarka, ko lasifikar wurin ibada na fuskantar ɗakin, ko layin na da duhu, ko matasan da ke zama a bakin lungu irin waɗanda za ka gaisa da su ne ko waɗanda za ka kauce wa. Ka sayi wani abu a shagon layin ka ja mai shagon da hira: wa ya tashi daga ɗakin, me ya tashe shi? Mai shago ba shi da la'ada a cikin maganar.

Ganin mai gida

Kada kuɗi ya fita sai ka zauna da mai gidan, ko wanda ya wakilta a bayyane. A tsofaffin unguwannin Jos gidaje da yawa na gado ne, magada na da yawa, kuma ana samun wanda zai karɓi haya ba da sanin sauran ba. Tambaya ɗaya ga tsofaffin 'yan haya ta wadatar: ku wa kuke ba kuɗi? In sunan da suka faɗa ya saɓa da wanda aka ba ka, dakata. Mai unguwa ma ya san gidan kowa, kuma zuwa gaishe shi ba ya cin komai.

Zaman da mai gida yana da ladabinsa. Ka gaisa sosai, ka bar shi ya yi maka tambayoyinsa, domin shi ma tantance ka yake yi: ɗan ina ne, me kake karanta, wa ya san ka a garin. Sannan ka kawo naka a hankali. "Baba, na ga silin uwar ɗaka da alamar ruwa, ko za a duba kafin in shigo?" Zai ce, "Kai dai ka biya, yaro, duk za a gyara." A nan ne za ka ce, "To Baba, ko in gyara da kaina a cire a cikin kuɗin, a rubuta a takarda?" Yawancinsu sukan yarda da wannan, kuma ya fi maka, domin gyaran da aka yi alkawarinsa bayan biya ba kasafai yake zuwa ba. Ragi ma a wurinsa ake nema, ba wurin dillali ba, tun da la'adar dillali na ƙaruwa ne da tsadar hayar.

Ka tambayi dokokin gidan tun yanzu: ƙarfe nawa ake rufe ƙofar waje, ko za a ba ka makullinta, baƙi na kwana ko a'a, wa ke share tsakar gida, nawa ake bayarwa na 'yan banga da na kwasar shara. Wasu masu gidan ba sa ba gwauro, wasu ba sa ba mace ita kaɗai sai ta zo da waliyyi. 'Yar'uwa, in ke ce mai neman, ki je da babba ko da ba a nema ba, kuma ki fifita gidan da akwai iyalai ko wasu mata a ciki a kan wanda ya fi kyau amma ke kaɗai ce mace. In kuna shirin haɗa kuɗi ku biyu, ku faɗa, a sa sunayenku duka a takarda.

Akwai kuma cinikin da ɗalibai ke yi tsakaninsu: mai kammalawa ya sayar maka da sauran watanninsa. Yana da sauƙi, amma in mai gida bai sani ba, a idonsa kai baƙo ne da ya tarar a ɗakinsa. Ku je wurinsa tare.

Takarda da biya

Ka karanta yarjejeniyar kafin ka tura kuɗi, ba bayan ba. Ta ƙunshi cikakken sunan mai gida da naka, adireshin gidan da ɗakin da ake nufi, adadin hayar, ranar farawa da ranar ƙarewa, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, da wanda ke da alhakin wane gyara. A bisa al'ada rufi da bango da ramin masai na mai gida ne. Kwan fitila da kan famfo da abin da ka fasa naka ne. Ka lura da ranar farawa musamman: ta zama ranar da aka miƙa maka makulli, ba ranar da ka biya ba, in akwai gyaran da zai ɗauki makonni. Ka duba kuma abin da aka rubuta game da sanarwar tashi. A dokokin haya na yawancin jihohi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Amma in ka sa hannu a kan takardar da ta rage wannan wa'adi, abin da ka sa wa hannu shi zai yi aiki a kanka. In an karɓi kuɗin lauya, ka nemi ganin sunan lauyan da hatiminsa a jikin takardar; in kwafin da aka buga a shagon kwamfuta ne aka cike gurabe da biro, kana da bakin neman ragi.

Biyan ka yi ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da na yarjejeniyar, ka rubuta a wajen bayani cewa kuɗin hayar ɗaki kaza ne daga wata kaza zuwa wata kaza. La'adar dillali ka tura masa dabam. In mai gidan dattijo ne da ya fi son kuɗi a hannu, a yi a gaban shaidu biyu, ɗaya naka, a rubuta rasit nan take. Ka ɗauki hoton rasit da yarjejeniyar ka tura wa wani na gida.

Bayan ka karɓi makulli

Kafin ka shigar da ko tabarma, ka zagaya da waya ka ɗauki bidiyon komai: tsagar tayil, tabon bango, gilashin da ya fashe, adadin da ke kan mita. Ka tura wa mai gida ko mai kula da gidan ta WhatsApp a ranar, don kwanan watan ya zauna. Ka sauya makullin ƙofa, domin ba ka san mutum nawa ke riƙe da na da ba. Ka shiga ɗaki-ɗaki ka gaida maƙwabta, ka karɓi lambar mutum biyu. Su ne za su kira ka in kana makaranta a ce kada ka biyo ta hanya kaza yau, su ne kuma za su sa ido a ƙofarka lokacin hutu.

In wa'adi ya kusa, wata biyu ko uku kafin ya cika ka sanar da mai gida ko za ka sabunta ko za ka tashi. Sabuntawa ba ta da la'adar dillali, kada a karɓa maka. In saɓani ya shiga tsakani, ka sani mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano, ko watsa kayanka waje da kansa. Sai ya ba da sanarwar da ta dace, ya bi ta da ta kwana bakwai, sannan kotu ta yi hukunci. Kai ma kada ka riƙe haya don fushi, hakan raunana ka yake yi. A fara da mai unguwa ko dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa, in abin ya faskara a nemi lauya ko ofishin hukumar ba da agajin shari'a.

Ranar tashi, ka kira mai gida ya zo ku duba ɗakin tare kana riƙe da bidiyon ranar farko, ku daidaita abin da za a cire, a ba ka ragowar kuɗin ajiyarka kafin ka miƙa makulli. In ya ce sai sabon ɗan haya ya biya, ya rubuta maka adadin da ranar a bayan rasit ɗinka ya sa hannu.